KAFIN ABIN DA YA FARU A BAGEGA YA ƘETARO MANA



Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Zuru ya bi ta Daki Takwas zuwa Anka, a zamanin da hanyar take biyuwa ba sai mutum ya bar wasiyya a gida ba, ya san tsakaninmu da Zamfara babu wani teku. Ƙasa ɗaya ce, dutse iri ɗaya ne, kasuwanninsu muna ci, namu suna ci, ga auratayya. Shi ya sa nake mamaki, idan aka tayar da zancen gubar dalmar da ta kashe yara a Anka da Bukkuyum sai ka ga mutanenmu sun yi tsit suna saurare kamar labarin wata ƙasa ake ba su can bayan Masar. Bukkuyum fa iyaka muke da ita.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, duk shekara idan gwamna ya kai kasafin kuɗi majalisar dokoki a Birnin Kebbi, mu da muke shafukan nan abu biyu zuwa uku muke dubawa. Titi nawa aka sa wa ƙasar Zuru, an sa mana asibiti ko ba a sa ba, sai kuma mu kwana muna musu a kan wane yanki aka fifita. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikinmu, har da ni mai wannan rubutu, ya tambayi nawa aka ware domin kwashe guba da ƙazanta daga filayen da suke mallakin gwamnati da na al'umma ba. Ba ma tambaya saboda a ganinmu wannan aikin 'yan shara ne. To bari in tuna mana yadda aikin 'yan sharan ya kasance a wurin maƙwabtanmu, sai kowa ya yi wa kansa hukunci.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ake ce wa na-gari-na-kowa, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Zamfara, sai suka ji labarin wasu ƙauyuka da yara ƙanana suke ta mutuwa. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, shi ke nan. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. An gwada na sanƙarau bai yi ba. Sai da aka ɗebi jini aka kai ƙasar waje aka auna, sannan aka gane dalma ce. Da masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka shiga ƙauyuka biyu gida-gida, sun tarar a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ka tsaya ka ƙirga yaran gidanku da na maƙwabta, ka cire ɗaya a kowane huɗu, ka ji yadda abin yake a ƙirji. Gaba ɗaya an ƙiyasta sama da yara 400 suka tafi a wannan annoba, ban da dubban da suka rayu da gubar a jikinsu.

Ta ina dalmar ta fito? Daga neman halak ta fito, kuma nan ne abin yake da ciwo. Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya a waɗannan shekaru, manomi ya ga abin da zai samu a rami cikin mako guda ya fi na gona a damina. Sai maza su sari dutse a daji su ɗauko shi a buhu zuwa gida. A tsakar gida ake farfasa shi, a daka a turmi, a kai injin niƙa, wani lokaci ma injin da ake niƙa hatsi. Dutsen wannan yanki kuwa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a kan tabarma, a kan tukunya, a kan shanyar hatsi. Babba yana tsaye, ya shaƙa ya wuce. Yaro mai rarrafe kuwa a ƙasan yake wuni, hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. A wasu wurare da aka auna ƙasar, an samu dalma sama da kashi 100,000 a cikin miliyan, alhali a lokacin ma'aunin da Amurka take amfani da shi a wurin wasan yara 400 ne. Kuma dalma ba kashin shanu ba ce da za ta ruɓe ta zama taki. Inda ta zauna nan take zama, shekara da shekaru, sai an zo an kwashe ta.

Ga inda maganar kuɗin gwamnati ta shigo, kuma ina roƙon a karanta nan da natsuwa. Akwai maganin da ake ba yaro yana janyo dalmar daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce ba su ba yaro wannan magani sannan a mai da shi gidan da ƙasarsa take cike da gubar, domin zuba ruwa ne a kwando, wani lokaci ma ya fi cutarwa. Wato sai an share gari kafin a yi wa yaro magani. Mai shebur ne a gaba, likita na biye. Ƙauyuka bakwai, irin su Dareta da Yargalma da Abare da Sunke, an share su tsakanin 2010 da 2011, mafi yawa da kuɗin ƙungiyoyin agaji na waje da haɗin gwiwar ma'aikatar muhalli ta Zamfara. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, kuma a nan babbar matattarar niƙa dutse take. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Aka yi babban taro a Abuja a watan Mayun 2012 a kan matsalar, ministocin da abin ya shafa ba su ma halarta ba. Kuɗi suka maƙale a ofis, damina ta zo ta wuce, yara wajen 1,500 suna zaune a Bagega da guba a jini, likitoci suna nan da magani a hannu ba damar farawa. Sai da wasu matasa, su Hamzat Lawal na ƙungiyar Follow The Money, suka tayar da ƙura a Twitter da Facebook da kiran a ceci Bagega, ƙungiyar Human Rights Watch ta sa baki, kwamitin muhalli na majalisar dattawa ƙarƙashin Bukola Saraki ya shiga maganar, sannan a ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Jonathan ta saki kuɗin. Kusan shekara uku ke nan bayan an gano cutar.

A nan zan ɗan ratse in ce wa samarinmu masu cewa rubutu a intanet ba ya canja komai, ku je ku karanta tarihin Bagega. Da waya aka fito da kuɗin nan. Bambancin kawai su sun bi abu ɗaya har ƙarshensa, mu kuwa data ɗinmu tana ƙarewa ne a zagin iyayen juna saboda wanda bai san sunanmu ba.

Shi aikin sharar kansa, kada wani ya zaci wani abin al'ajabi ne da sai Turawa. Da fartanya da shebur da buhu da baro aka yi mafi yawansa, kuma 'yan garin ne suka yi. A auna ƙasa da wata na'ura ta hannu mai nuna yawan dalma nan take, a kankare saman ƙasar da ya gurɓata, a ɗure a buhu, a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne, a kawo ƙasa mai kyau a shimfiɗa, a share ɗakuna a wanke. A ƙauyuka takwas an kwashe ƙasa sama da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820. Aiki ne na gumi da tsari, da kuma wanda zai biya leburori a kan lokaci. Wannan na ƙarshen shi ne ya ci shekara uku.

Ba a daɗe ba, a 2015, sai ga shi a jihar Neja, a ƙaramar hukumar Rafi. Yara 28 suka rasu. Niƙan dutsen zinare ne dai a cikin gari, jiran kuɗi ne dai, sai a 2016 aka share Shikira. To Zamfara ta gabas da arewa, Neja ta kudu. Wa ke tsakiya? Mu ne. Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu gemu biyu ne suka kama a gefenmu, hagu da dama.

Kuma kada wani ya ce ai mu ba ma haƙar zinare. Haba jama'a. Wanda bai san ana haƙa a Fakai ba, ko a Yauri da Ngaski, to ba a Kebbi ta Kudu yake zaune ba. Gwamnatin tarayya da kanta ta zaɓi Kebbi da Osun a matsayin jihohin gwaji na shirin nan na PAGMI na tsara masu haƙar zinare da hannu. A watan Yulin 2020 aka kai wa Shugaba Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 a fadar gwamnati, babban banki ya saya a kan naira miliyan 268, aka ɗauki hoto, muka yi ta yaɗawa muna alfahari, ni ma na yaɗa. Abin alfahari ne kuwa. Amma kowace sandar zinare tana da bayanta. Akwai tarin dutsen da aka niƙa kafin a same ta, da ƙurar da ta tashi, da zaibar da ake kama zinaren da ita a ƙona hayaƙinta ya shiga hanci, da ruwan wanki da ya gangara rafi, da ramukan da aka bari a buɗe. Zinaren ya tafi Abuja, waɗannan duk suna nan tare da mu. Ba ina cewa an samu annoba a Fakai ba ne, Allah ya tsare. Cewa nake sana'ar iri ɗaya ce, kayan aikin iri ɗaya ne, kuma mutanen Dareta ma har ranar da aka auna su ba su san suna kwana a kan guba ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin da ba ya kisa yana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, malami ya yi ta duka, uba ya ce yaron nan daƙiƙi ne, alhali ƙasar tsakar gida ce ta cuce shi.

A watan Satumban 2023 gwamnatin Kauran Gwandu ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar nan, saboda tsaro da kuma neman a san su wa ke haƙa. Na goyi bayan matakin a lokacin. Sai dai dakatar da haƙa ba ya kwashe abin da aka riga aka zubar. Zamfara ma gwamnatin tarayya ta hana haƙa tun Afrilun 2019, ba a ɗage ba sai Disambar 2024, kuma kowa ya san a tsakanin nan ba a daina shiga rami ba. Talaka mai yunwa takardar sanarwa ba ta tsai da shi. Abin da take yi shi ne ta kore shi daga fili ta mai da shi cikin gida inda ba mai ganinsa, cikin gidan kuwa nan ne yaran suke.

Yanzu in dawo cikin gari, don kada a ce magana ta ƙauye ce kawai. Ku zagaya garuruwanmu ku duba kayan gwamnati da aka bari. Tsofaffin gidajen ma'aikata da rufi ya zube, sito-sito na kayan noma da aka rufe da kwaɗo shekaru ba a san me ke ciki ba, filayen makaranta da ba katanga da unguwa ta mai da su juji, bayan mahauta, bayan tasha inda bakanike ke zubar da baƙin mai kuma ake fasa tsohon batirin mota a ciro dalmarsa a sayar. Eh, batirin mota dalma ce a cikinsa, irin ta Bagega sak. Akwai wata firamare da nake wucewa ta gefenta kusan kullum, ba zan faɗi sunanta ba don kada a ce na ci zarafin wani. Bola ce a jikin ajin ƙarshe, ana cinna mata wuta da safe, leda da tsohuwar waya da robobin maganin feshi duk a ciki, hayaƙin yana shiga ta taga yara na biya karatu. Na taɓa tambayar wani malami a wurin, ya ce sun rubuta takarda, an ce musu babu kuɗin wannan a tsari. Gaskiya aka gaya masa. Babu ɗin ne matsalar.

Kuma tun da matsalar tsaro ta raba mutanenmu na Danko-Wasagu da Sakaba da ƙauyukansu, ina suke fakewa idan sun shigo gari? Wanda ke da dangi ya sauka gidan dangi. Wanda ba shi da kowa, kango ne da ginin da aka yi watsi da shi. Mace da 'ya'yanta ta shimfiɗa tabarma a wurin da ba wanda ya san me aka taɓa ajiyewa a cikinsa.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, don haka bari in rage musu wahala. Za a ce ana kashe mutane a gona kai kana maganar shara, a gama da tsaro tukuna. Wallahi babu wanda zai koya wa mutumin ƙasar Zuru zafin rashin tsaro, mun binne namu. Amma ban ce a cire ko kwabo daga kuɗin tsaro ba. Kuma ku duba da kyau, ramin zinaren da ba mai kula da shi, shi ne dai wurin da ɓarayin daji suke samun kuɗin shiga, kangon da aka bari a gari shi ne maɓoyar masu shaye-shaye. Gwamnatin da ta san kowane fili nata, ta auna shi, ta sa masa ido, ta riga ta yi wani yanki na aikin tsaro.

Za a kuma ce ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, jiha ba ruwanta. A takarda haka ne, tsarin mulki ya ba Abuja ikon ma'adinai, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. To amma wanda ke fasa dutse a bayan gidansa wane lasisi gare shi? Wa zai bi shi ya karɓi kuɗin gyara? Sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha amana. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Abuja ne, saman ƙasar da yaro ke rarrafe a kai kuwa amanar Birnin Kebbi ce. Makarantar firamare, kasuwa, tasha, mahauta, asibitin gari, babu ɗaya da yake na ministan ma'adinai. Idan yaro ya fara jijjiga, asibitin jiha za a kai shi. Wanda zai biya kuɗin jinya ai shi ya fi kowa cancanta ya biya na rigakafi. Kuma mun ga yadda jiran Abuja yake ƙarewa. Ko Ogoni da duniya ta san da zamanta, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito tun Agustan 2011 yana cewa gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan ɗaya, ba a ƙaddamar da aikin ba sai Yunin 2016. Idan masu man fetur sun jira shekara biyar, mu nawa za mu jira?

Sai babbar tambaya, ina kuɗin? Suna nan, kuma sunansu ma na aikin ne. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli a Najeriya. A rabon da ake yi daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana da kashi 1 cikin ɗari, jihohi suna da kashi 0.72, ƙananan hukumomi kashi 0.60, duk da sunan muhalli. Wata-wata suke shigowa tare da sauran kaso. Ma'ana jiharmu tana karɓa, ƙananan hukumominmu 21 suna da nasu rabo a ciki, har da Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. Na yarda Kebbi jiha ce ta ambaliya, wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa shinkafa a 2020 ba zai ce kada a kashe kuɗin muhalli a kan ambaliya da zaizayar ƙasa ba. Amma a ce duk ba za a iya yanko wani ɗan kaso a rubuta masa suna ba? Ga shi kuma ministan kasafi da tsare-tsare na ƙasa, Sanata Atiku Bagudu, ɗan jihar nan ne, shi ne gwamna a lokacin da aka kai zinaren nan fadar shugaban ƙasa, ya san zancen ciki da bai. Idan akwai lokacin da Kebbi za ta nemi tallafin tarayya a kan wannan aiki ta samu kunnen sauraro, yanzu ne.

Mai shakka zai ce a ware ɗin ma cinyewa za a yi. Ba zan ce ƙarya yake ba, domin wannan asusu yana da tarihi mara daɗi. Tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye a kan kuɗin muhalli naira biliyan 1.162 kotu ta ɗaure shi a 2018, daga baya a 2022 aka yi masa afuwa. Dalilin da ya sa kuɗin muhalli suke da daɗin ci shi ne ba a ganin aikinsu. Titi idan ba a yi ba kowa zai gani. Amma wa zai je ya tabbatar an kwashe gubar da ido ba ya gani? Amsar ita ce na'urar nan ta hannu da aka yi aiki da ita a Zamfara. A auna fili kafin aiki a rubuta lamba, a auna bayan aiki a rubuta lamba, a manna a ƙofar sakatariya, a karanta a rediyo da Hausa da C'lela. Ɗan kwangila zai iya yi wa kwamishina daɗin baki, amma lambar da aka manna a bango kowa na iya ɗauko na'ura ya sake gwadawa. Kuma ba sai an ɗauko masana daga Legas ba. Muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, sanin ƙasa da abin da ke cikinta sana'arsu ce. A ba su aikin awo, ɗalibai su samu abin bincike, jiha ta samu taswirar wuraren da suka gurɓata.

Abin da nake nema ke nan, ba shi da yawa. Layi guda a kasafin ma'aikatar muhalli, da sunansa ƙarara, na aunawa da share filayen gwamnati da na al'umma da suka gurɓata ko aka yi watsi da su, ba a cusa shi cikin "sauran ayyuka" ba inda kuɗi ke shiga su ɓace. Shekarar farko ma awo ya isa, a fara da garuruwan da ake niƙa dutse da filayen makarantun firamare. Inda aka samu dalma a share, a kuma gwada jinin yaran wurin. A keɓe wa masu niƙa fili a bayan gari da ruwa da wurin wanka, su daina kai dutse da kayan aiki gida, domin a Zamfara an ga wuraren da aka share suka sake gurɓata da aka koma niƙa a cikin gari. Sarakuna da hakimai da limamai da fastoci su ne za su iya sa a bi wannan, ɗan sanda ba zai iya ba. Kangon da ba zai gyaru ba a rushe a ba al'umma filin, ko a sayar a fili kowa na gani a zuba kuɗin a wannan asusu. A ƙasar Amurka haka suka yi tun 1980, bayan an gano an gina unguwa da makaranta a kan juji na guba a wani wuri da ake kira Love Canal, suka kafa asusu na musamman suka ɗora wa kamfanonin sinadarai da na mai haraji. Mu ma a nan sai da Italiyawa suka jibge mana guba a garin Koko a 1988 sannan gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kare muhalli. Kowa sai ya ƙone yake tuna ruwa.

Na san dalilin da ya sa ɗan siyasa ba ya son irin wannan aiki, domin mu ma cikin harkar muke. Ba a yanka ƙyalle a kansa. Ba inda za a kafa allo da hoton mai girma. Idan aikin ya yi kyau, sakamakonsa shi ne babu abin da ya faru, yaro bai yi jijjiga ba, ba a yi jana'iza ba, kuma ba wanda ke tara jama'a a fili ya ce ku zaɓe ni saboda abin da bai faru ba. To mu magoya baya mu ne muke koya musu abin da ke kawo tafi. Idan kullum babur da atamfa muke yi wa kirari, babur da atamfa za su yi ta kawowa. Wannan magana ba ta ɓangarenmu ba ce mu kaɗai, wanda ke wancan ɓangaren ma 'ya'yansa a ƙasa suke wasa, don haka wanda ya ga dama ya kwafa ya sa a shafinsu, ban hana ba, ko sunan shafin nan ya cire.

MSF ta tattara kayanta daga aikin dalma na Zamfara a 2022, bayan kusan shekara goma sha biyu, ta miƙa wa gwamnatin jiha. Kada mu zauna da tunanin in abu ya faru a nan farar mota za ta zo da tuta ta cece mu.

Kowannenmu yana da lambar ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa, ko lambar yaronsa, tunda da ita ake neman gudummawar biki da suna. Idan kasafi ya iso majalisa, kwamitoci za su zauna da kowace ma'aikata ta kare abin da ta nema. Ranar da kwamishinan muhalli zai zauna, ina so ɗaya daga cikin wakilanmu na ƙasar Zuru ya ɗaga hannu ya yi tambaya biyu: nawa jiha ta karɓa na muhalli a bara, kuma nawa daga ciki aka kashe wajen auna ƙasa a garuruwan da ake niƙa dutse. Ku tura musu wannan rubutu. Wanda ya amsa muku, ku kawo amsar nan ƙasa mu gani, da sunan mazaɓarsa.